Kaburburan Fir'aunoni da Ƙasusuwan Yusufu

 Yau za mu leƙa ƙasar Masar.

Masu ziyara sukan shiga jirgin ruwa a kogin Nilu tsakanin garin Aswan da garin Luksor, tafiyar kwana uku ko huɗu. In sun isa Luksor sai su haye zuwa yamma, inda rana take faɗuwa, gama can ne mutanen dā suke binne matattunsu. A wurin akwai Kwarin Sarakuna, da kaburbura fiye da 60 da aka sassaƙa cikin dutse. Har yanzu zane-zanen bango suna nan da launinsu, bayan shekara 3,000 da ɗoriya.

Fir'aunoni sun gaskata za su bukaci dukiyarsu a lahira, saboda haka aka binne su da zinariya, da karusai, da gadaje, har da abinci. A shekarar 1922 wani Bature mai suna Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun, sarkin da ya mutu bai cika shekara 20 ba. An sami kaya fiye da 5,000 a ciki. Ko ɗaya bai tafi da shi ba. Yawancin sauran kaburburan kuwa ɓarayi sun kwashe su tun zamanin dā.

To, ku buɗe Farawa sura 50. Yusufu ya yi mulki a wannan ƙasa, Fir'auna kaɗai ke gaba da shi. Ya san al'adar Masarawa sarai, gama shi ya sa aka shafe gawar mahaifinsa Yakubu da magani har kwana 40. Da ya so, da an gina masa kabari irin na manya. Amma da ajalinsa ya matso, yana da shekara 110, abu ɗaya ya roƙa. Ya sa 'yan'uwansa suka rantse za su tafi da ƙasusuwansa ranar da Allah zai fitar da su. Musa ya ɗauke su, kamar yadda Fitowa 13:19 ta nuna, aka kuwa binne su a Shekem. Ibraniyawa 11:22 ta kira wannan bangaskiya.

Fir'auna ya dogara ga abin da ya tara, Yusufu ya dogara ga abin da Allah ya alkawarta. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ke fa, kai fa, a kan me kuka dogara? Gona da shanu da gida duk kyautar Allah ne, amma a bakin kabari za su tsaya. Begenmu yana ga Yesu, wanda aka sa a kabarin wani, ya kuma tashi a rana ta uku.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka koya mana mu riƙe alkawarinka fiye da dukiyarmu, cikin sunan Yesu. Amin.