Rangwamen Ƙa'ida a Lokacin Annoba: Abin da Ya Auku a Gidajen Kula da Tsofaffi na Amurka

  Ya ku 'yan'uwa masu sauraro, mas'alar da za mu tattauna a kanta yau ita ce: idan annoba ta sauka, wace ƙa'ida hukuma za ta sassauta wa gidajen jinya, wace ce kuma bai halatta ta taɓa ba? Za mu ɗauki misalinmu daga Amurka, a shekarar 2020, lokacin cutar korona.

A can, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ko wanda ciwo ya kwantar, sau da yawa ba a gida ake jinyarsa ba. Akwai gidaje na musamman da ake biyan kuɗi a ajiye shi, gwamnati kuma ba ta ba su lasisi sai da sharuɗɗa. Daga ciki, tun dokar 1987, mai hidimar da zai yi wa tsoho wanka, ya ba shi abinci, ya juya shi a kan gado, ba zai wuce wata 4 yana aiki ba face ya sami horon awa 75 kuma ya ci jarrabawa. Sa'an nan akwai masu bincike da ke shiga gidajen ba tare da sanarwa ba.

A watan Fabrairu na 2020 cutar ta ɓarke a wani irin wannan gida a garin Kirkland na jihar Washinton, fiye da mutum 30 suka rasu. Ranar 13 ga Maris aka ayyana dokar ta-ɓaci, hukumar CMS mai kula da waɗannan gidaje ta shiga sassauta sharuɗɗa. Ta yarda a kwantar da marasa lafiya a gine-ginen da ba a gina su don haka ba. Ta ɗage sharaɗin awa 75, har jihohi da dama suka karɓi horon awa 8 ta intanet.

To, a nan ba mu da inkari. Ma'aikata suna kwance, wasu sun rasu, wasu tsoro ya zaunar da su a gida. Tsohon da ba ya iya kai cokali bakinsa ba zai jira a kammala darasin awa 75 ba. Mai ɗan horo ya fi babu. Wannan ita ce lalura, malaman fiƙihu ma sun san babinta, tare da sharaɗin da suka gindaya mata, wato a auna ta daidai gwargwadonta, kada a zarce.

Inda muke ganin an yi kuskure shi ne abin da aka haɗa da wannan rangwame. A cikin watan na Maris ɗin dai aka dakatar da binciken da aka saba yi, aka taƙaita shi ga hana yaɗuwar cuta da ƙorafe-ƙorafe mafi tsanani. A cikinsa kuma aka hana dangi ziyara. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. An shigo da sabon hannu wanda bai ƙware ba, a daidai lokacin da aka fitar da mai bincike, aka kuma rufe ƙofa ga ɗa da jika. Alhali kuwa 'yar da ke zuwa kullum da yamma ita ce take fara ganin mahaifiyarta ta rame, ko bayanta ya yi gyambo saboda rashin juyawa. Wanda ke da ciwon mantuwa ba ya kai ƙara. Kowane ɗaya daga matakan nan uku yana da hujjarsa idan aka dube shi shi kaɗai, amma haɗuwarsu ta bar mai rauni ba tare da shaida ba.

Jihar Niyu Yok kuwa ta yi abin da ya wuce sassauci. Ranar 25 ga Maris 2020 ta umarci gidajen tsofaffi da kada su ƙi karɓar wanda aka sallamo daga asibiti don kawai yana ɗauke da cutar. Manufar ita ce a samar da gadaje a asibitoci. Har yanzu ana saɓani a kan yawan rayukan da umarnin ya ci, sai dai an janye shi ranar 10 ga Mayu, kuma a Janairun 2021 babbar lauyar jihar, Letitia James, ta fitar da rahoto cewa an rage adadin mamatan gidajen da abin da zai iya kai rabi. Rangwame ana yi wa mai rauni ne domin ya rayu. Wannan kuwa ɗauke nauyi ne daga kan asibiti a aza a kan wanda ya fi kowa kasawa.

Sai batun wa'adi. Abin da aka ce na ɗan lokaci ne ya daɗe fiye da shekara 2. Sai a Afrilun 2022 hukumar CMS ta ba da sanarwar janye rangwamen horo daga watan Yuni, kuma da bakinta ta ambaci abin da masu bincike suka tarar bayan sun koma: cin zarafi, rama, baƙin ciki mai tsanani, da gyambon kwanciya, abubuwan da ba ƙwayar cuta ce ta kawo su ba. Masu gidajen, ta bakin ƙungiyoyinsu, sun nemi a tsawaita, da hujjar ƙarancin ma'aikata. Hujjar gaskiya ce, amma ma'aikaci marar takardar shaida ya fi arha, wannan ma gaskiya ce.

Zuwa farkon 2022, mazauna irin waɗannan gidaje da ma'aikatansu da cutar ta kashe a Amurka sun haura 200,000. Dokar ta-ɓacin lafiyar kanta ba a ɗage ta ba sai ranar 11 ga Mayu 2023.