Minsharin da Ke Yanke Numfashi: Jawabi ga Iyalai



Kun saba jina ina fassara maganar jami'ar kariya. Yau ƙara ce ta kawo mu. Maƙwabta biyu sun yi cacar baki saboda minsharin wani magidanci. Da muka zauna da matarsa, sai ta ce: "Ni ba minsharin ne damuwata ba. Shirun da yake yi a tsakani ne, har sai na girgiza shi."

Wannan shirun ciwo ne, ba aljanu ba, ba dannau ba. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki ya toshe hanyar iska. Numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, ya farka a firgice, ya koma, sau da yawa kafin asuba. Da safe ciwon kai, da rana gyangyaɗi, ko yana kan babur. In an bar shi, yana jawo hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Ga abin da za a fara yau, ba ko sisi. A kwanta ta gefe, ba rigingine ba. A ɗinka ɗan ƙullin tsumma a bayan riga don ya hana juyawa. A bar giya da taba. A bar ƙwayar barci da tramadol na kasuwa, suna ƙara danne numfashi. Mai ƙiba ya rage.

Sai na asibiti. Akwai na'ura mai suna CPAP, wadda wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Tana hura iska ta hanci, hanyar ta zauna a buɗe. Amma tana da tsada, kuma tana son lantarki kowane dare. Akwai wani abin roba da ake sawa a haƙora, yana turo haɓa gaba. Ga yara kuwa, galibi naman maƙogwaro ko na bayan hanci ne ya kumbura, kuma tiyata tana magance shi.

Iyaye mata, don Allah kada a kai yaro wurin wanzami a cire masa beli saboda minshari. Ba beli ne ya toshe shi ba, jini kuma yana iya ɓallewa.

Mai barci bai san halin da yake ciki ba. Na kusa da shi ne shaida. Ku lura da shi dare 3, ku raka shi ɗakin shan magani da katin inshorar lafiya. In da buƙata, za a ba da takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale, sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Wanda harshe ya yi wa wuya, ya neme ni a ofis.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.