Kafin ka kafa rumbun Bitcoin a Sakkwato

Matasan Sakkwato da dama sun iya cinikin Bitcoin a waya. Amma kafa rumbu, wato kwamfutar da za ta riƙa tantance kowace mu'amala da kanta, wannan aiki ne na daban. Kana iya sauko da asalin rubutun manhajar Bitcoin Core daga GitHub, ka harhaɗa shi, sannan kwamfutar ta kwaso tarihin ciniki tun daga 2009, sama da gigabait 600. Ko ka saita ta tana share tsofaffin bayanai, sai ta sauke su duka tukuna, kuɗin data yana nan daram. Ga zafin Afrilu, fankar kwamfuta har kuka take. Ni dai shawarata, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo masu sha'awar abin su yi karo-karo, su fara tanadar sola da batir don kwamfutar ta riƙa samun wuta.