Gashin da Ya Ɓata Hanya: Ƙurajen Aski da na Halawa

Yau daga Maamobi muke magana, cikin zangon birnin Accra, kuma zancen namu na abin da mutane ke jin kunyar kai wa likita ne: ƙurajen nan da ke fesowa bayan aski, ko bayan an cire gashi da halawa.

Bari in fara da kai, mai kiwo, don kai ka riga ka san wannan ciwo a jikin dabba. Ka san ragon da ƙahonsa ke lanƙwasa yana zagayowa har tsininsa ya taɓa kunci. In ba ka lura ka rage tsinin ba, sai ya huda fata, wurin ya kumbura, ya yi mugunya, ƙuda ya taru. To, haka gashinmu yake yi. Gashin baƙar fata a murɗe yake tsirowa. In reza ta yanke shi daf da fata, takan bar masa baki mai kaifi, yana fitowa sai ya lanƙwaso ya soki fatar da ya fito daga cikinta. Jiki kuwa sai ya ɗauke shi tamkar ƙaya: ja, kumburi, ƙaiƙayi. Saboda haka mafarin abin ba ƙazanta ba ne, ba kuma sammu ba. Gashinka ne ya ɓata hanya.

Ke ma Hajiya, da ke da amaryar da ake shirin kai wa gyaran jiki, ga naku. Halawar nan ta sukari da lemon tsami da ruwa, wadda ake haɗawa da dilka a gyaran amare, tumɓuke gashi take yi daga saiwa. Amma ba kowane sili ke fita duka ba. Wani yakan karye a ƙarƙashin fata. Wani kuma in ya sake tsirowa siriri ne, ba shi da ƙarfin huda matacciyar fatar da ta rufe masa ƙofa, sai ya kwanta ya ci gaba da girma a ciki. Shi ya sa ranar da aka yi halawa jiki sumul, amma bayan mako ɗaya ko biyu sai ƙuraje su fito a hammata, a cinya, a mara.

Wani zai ce, to a bar gashin mana. Musulmi ya san ba haka kawai ba ne. A hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Sahihu Muslim an ƙayyade cewa kada gashin hammata da na mara su wuce kwana 40 ba a kawar da su ba. Amma lura, kwana 40 aka ce, ba kowace Juma'a dole ba. Kuma malamai da dama sun yi bayanin cewa manufa ita ce tsabta, wanda reza ke cutarwa yana iya ragewa da almakashi ko makamancinsa. In kana shakka, masallacin unguwa bai yi nisa ba, tambayi liman.

Yanzu ga abin da ya shafe ka, kai matafiyi. Daga Paga zuwa Accra tafiyar sama da kilomita 800 ce. Wanda ya rako shanu zuwa karar Tulaku a Ashaiman, ko ya biyo buhunan albasar Galmi zuwa Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021, ya san kwana nawa ake yi a bayan mota cikin zufa da ƙura, riga ɗaya, wando ɗaya. Fatar da aka yi wa aski tas ko aka fizge da halawa, ƙofofin gashinta a buɗe suke, akwai ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Ka haɗa wannan da gumi da gogar wuyan riga da ɗamarar wando, ka shirya wa ƙwayar cuta masauki. Don haka kada ka yi ƙwalƙwal daren tafiya. Yi askinka kwana biyu ko uku kafin ka ɗau hanya, ko ka bari sai ka sauka ka yi wanka ka huta. Nan gaɓar teku ma akwai laima a iska, zufa ba ta bushewa da wuri kamar a Arewa, sai an ƙara kula.

In ƙurajen sun riga sun fito fa? Abu na farko, ajiye reza. Gashin gemu yana yin kamar santimita 1 a wata, kuma in ka ƙyale shi mako 3 zuwa 4, yawancin silin da suka soki fata da kansu za su zaro bakinsu su miƙe. Wannan ba camfi ba ne. Rundunar sojan Amurka, da duk tsananinta kan aski, ta shafe shekaru da yawa tana ba masu wannan matsala, akasarinsu baƙaƙen fata, takardar likita su bar ɗan gemu.

Na biyu, jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi ka ɗora a wurin kamar minti 10, safe da yamma. Sannan ka wanke da sabulu mara zafi, ka ɗan zagaya da lallausan tsumma a hankali. Soson raga da ake sayarwa a kasuwar Nima, wanda 'yan nan ke kira sapo, yana da kyau ga lafiyayyar fata, amma kada ka dirje ƙurji da shi. Sabulun salo ma, alata samina a bakin mutanen Ghana, wani yana busar da fata, sai ka bi shi da ɗan man kaɗe.

Na uku, kuma nan ne gizo ke saƙa: kada ka tona. Na san mai kiwo ba ya rabuwa da hantsakin cire ƙaya. In kana ganin gashin ƙuru-ƙuru ya yi baka a saman fata, wanke hannu, goge hantsakin da sifirit, ka ɗago bakin silin kawai ya fito fili. Kada ka tumɓuke shi, don in ya sake tsirowa ciki zai koma. In kuwa ba ka ganinsa, bar shi. Tono da allura ko farce shi ke mayar da ɗan ƙurji maruru, ya bar baƙin tabo na watanni. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai abubuwan da ake ba juna shawara a tasha da ba su da wurin zama a jikin ɗan Adam: man birki, ruwan batir, kananzir. Ƙonewa suke yi, ba magani ba. Haka man bilicin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da man shafawa mai sinadarin haidirokwinon tun 2016, amma har yanzu ana tsallako da ire-irensa ta iyakoki, kai ɗan kasuwa ka fi ni sani. Wasu mayukan kuma akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, wanda ke sa fata ta yi sirara. Hajiya, in kina shafa irin wannan, kada ki yarda a ɗora miki halawa, tana iya ɗaukowa har da fatar.

Ga mai zuwa halawa, ki bar gashin ya kai tsawon ƙwayar shinkafa, don gajere karyewa yake yi. A riƙe fatar a miƙe, a fizge da sauri daf da jiki. Ki tabbatar sabon curi aka ɗebo miki, ba wanda aka yi wa wata da shi ba. Kwana 2 na farko ba turare a wurin, ba dirza, ba matsattsun kaya, atamfa sakakkiya ta fi. Daga kwana na 3 ki fara gogawa a hankali lokacin wanka, sau biyu ko uku a mako. Amarya kuwa, kada satin biki ya zama gwajinki na farko. Gwada wata guda kafin nan, ki ga yadda jikinki zai karɓa.

Kai kuma Malam, in za ka koma aski, ce wa mai askin ya yi da kilifa ya bar maka ɗan toho kamar milimita 1. In reza ce, a jiƙa gashin tukuna, a bi yadda ya kwanta, kada a ja fata, kada a maimaita wuri ɗaya. Sabuwar reza a ɓare ta gabanka, aska da kilifa a tsabtace su, domin ciwon hanta nau'in B yana bin jini a bakin ƙarfe. Wanzamin kirki ba ya fushi da wannan roƙo.

Yaushe za ka bar dabarar gida? In wurin ya yi zafi, kumburi na yaɗuwa, mugunya na zuba, ko zazzaɓi ya shigo. In kana da ciwon suga, ko ƙaramin ƙurji kada ka yi masa jinkiri. Sannan ƙurajen ƙeya masu tauri da ke haɗewa su yi tudu, gashi ya daina fita a wurin, waɗannan suna son likitan fata tun suna ƙanana. Wanda ke nan, Babban Asibitin Maamobi na kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura ka Korle Bu. Wanda ke kan hanya, asibitin garin da ka sauka ya isa. Kada ka sayi kafso a tire ka haɗiya da ka.

Ragonka ba ka jira sai ƙaho ya huda masa kunci. Yi wa jikinka wannan adalcin. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa, ya ƙara wa garke albarka. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.