HANYAR NAN TA WA CE?

'Yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, maganarmu ta yau a kan hanya ce. Kowa ya sani in hanya ta lalace, direba ya ƙara kuɗin mota, buhun masara ya kwana a ƙauye, mai naƙuda ta galabaita kafin ta kai asibiti. To, amma kuka ba shi da amfani sai an san ƙofar da za a kai shi.

A zamanin Turawa manyan hanyoyi na Gwamnati ne, ƙanana na En'e, kakanninmu kuwa su ne suka sha aikin tilas wajen share su. Gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomin da muka sani. Yau masu hanya uku ne.

Na fari, Gwamnatin Tarayya. Titin Kano zuwa Zariya nata ne, haka kuma wanda ya ratse daga Kwanar Dangora ya bi Tudun Wada, ya keta dajin Falgore, ya nufi Saminaka da Jos. Gina su aikin Ma'aikatar Ayyuka ta Abuja ne, cike ramuka kuwa na FERMA, wadda aka kafa a 2002.

Na biyu, Gwamnatin Jiha. Ita ke da hanyoyin da suka haɗa gari da gari, in ban da na Tarayya. KARMA ke gyaransu, KAROTA ke tsare dokar tuƙi.

Na uku, ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata ƙananan hanyoyi, da lambatu, da tashar mota, da kasuwa, har da lasin keke da amalanke da baro. Watau hanyar da ke fito da amfanin gonarmu zuwa bakin kwalta, galibi a wuyanta take.

To, ina kuɗin? Cikin kowace naira ɗari ta asusun tarayya, Abuja na ɗaukar 52.68, jihohi 26.72, saura 20.60 a raba wa ƙananan hukumomi 774, cikinsu har da 44 na Kano. Wannan ɗan rabon ma shekara da shekaru sai ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke a riƙa ba su nasu kai tsaye. Hukunci a takarda daban, kwalbati a kan rafi daban. Mu ne za mu bi sawu.

Saboda haka ga shawara. In ramin na titin Jos ne, mu nemi sanata da wakilinmu na Abuja. In hanyar jiha ce, sai ɗan majalisar jiha. In ta ƙauye ce ko tasha, kansila da ciyaman suna nan kusa. Mu rubuta takarda, mu sa hannu gaba ɗaya, mu ajiye kwafi. Duk kwabon da aka karɓa a tasha ko a rumfa, mu ce a ba mu rasit, mu adana, don ranar tambaya. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Allah ya kiyaye hanya. Haza wassalam.