Kukan Shehu da Tambayar Kanemi

Daga nan Gawi, garin masu ginin tukwane da ke gefen Njamena, nake gaishe ku.

Baba makiyayi, in an tare ka a burtali an ce sai ka ajiye ɗan maraƙi kafin garkenka ya wuce, ko kai ɗan kasuwa da ake sauke maka kaya shinge bayan shinge, to kukan nan ba yau aka fara shi ba. Sama da shekara 200 ke nan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jera irin wannan zalunci a littafinsa Kitabul Farƙ: jangalin shanu, tatsar 'yan kasuwa, da toshiyar baki a wurin shari'a. Ya yi wa'azi da Fillanci da Hausa don talaka ya ji da kunnensa, ya kuma bar mata su zo su koyi addini. Da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa masa, sai ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, yaƙi ya tashi.

Wutar ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. A 1808 masu tuta suka ci Birnin Gazargamu, babban birnin Barno, ƙasar da ta daɗe da Musulunci. A nan ne wani malami mazaunin Ngala, garin da da yawanku kuke ratsawa da kaya, ya tashi ya taimaki Mai na Barno. Sunansa Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Ya ɗauki mashi, ya kuma ɗauki alƙalami ya rubuta wa Sakkwato wasiƙu.

Kanemi bai ce mutanen Barno ba su da laifi ba. Ya yarda akwai cin hanci da cin dukiyar marayu. Hujjarsa ita ce saɓo ba kafirci ba ne, mai sallah da azumi in ya kauce koya masa ake yi, ba a halatta jininsa. Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya mayar da amsa cewa Barno ta goyi bayan sarakunan da ke yaƙar jama'ar Shehu. Ba su daidaita ba. Amma ku lura, Bello ya kwafe hujjojin abokin gabarsa ya sa a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, shi ya sa muka san su.

Jama'a, yau a bakin Tafkin Cadi akwai masu zuwa ruga da tasha suna ce wa samarinmu duk wanda bai bi su ba kafiri ne. Da kukan zalunci suke shigowa, kuma kukan gaskiya ne. Amma sai ka ga su ma sun kafa nasu jangalin, sun kore shanun mai sallah. In irinsu ya zo wa ɗanka, Baba, ka sa ya yi masa tambayar Kanemi: wane littafi ne ya halatta jinin mai kallon alƙibla?

Masu riƙe da shinge kuma, ku tuna da kukan Shehu.

Allah ya tsare garke da hanya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.