BAƘO, TAKARDA DA HUKUMA A BAKIN IYAKAR MADARUNFA

Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na gundumar Madarunfa





Abin da aka nemi in yi bayani a kai shi ne yadda hukumar ƙasarmu take karɓar baƙo: wanda ya zo saye da sayarwa, da wanda ya zo zama, da wanda ya zo tsira da ransa. Tun da farko zan faɗa muku inda na dosa. Dokokin Nijar a wannan fanni suna da kyau a rubuce, amma takardar da ke tabbatar da su tana nesa da mai bukatarta, kuma wannan nisa yana cutar da baƙo, yana cutar da mai masaukinsa, yana cutar da hukuma ita kanta.

Kafin mu shiga doka, mu tuna ko mu su wane ne. Bayan da jihadin Shehu Usmanu ya ci Katsina wajen shekara ta 1807, sarakunanta na dā suka yi gudun hijira zuwa arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa ma haka suka kafa Tsibiri. Ke nan manyan garuruwan jaharmu masu neman mafaka ne suka gina su. Daga baya Faransa da Ingila suka ja layi tsakaninmu da Jibiya, layin da ya raba gona da gona, ya raba wa da ƙane, amma bai hana gulbin Maraɗi zuwa mana daga can kowace damina ba.

To, a idon doka baƙo iri uku ne, kowane da ƙofarsa.

Ƙofa ta farko ta mai wucewa ce. Yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Dakar ran 29 ga Mayu 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya yi kwana 90, muddin yana riƙe da takardar tafiya ta gaskiya. A ƙarƙashin wannan inuwa fataucin Ɗan Isa da Jibiya ya bunƙasa. Nijar ta bayyana ficewarta daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso ran 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Ƙawancen AES ya sanar a watan Disamba 2024 cewa ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza, CEDEAO kuma ta ce za ta ci gaba da mutunta takardun ƴan ƙasashen uku har zuwa wani sabon umurni. Ku lura da kyau, ƴan kasuwa: abin da a dā yake haƙƙi a cikin yarjejeniya ya koma sanarwa, sanarwa kuwa wanda ya yi ta yana iya janye ta da safe ɗaya.

Ƙofa ta biyu ta mai zama ce: tela, makanike, mai shago, malamin makaranta, matar aure. Shekara da shekaru dokar 29 ga Oktoba 1981 ce take hukunta shigar baƙi da zamansu, inda wanda zai wuce wata uku yake neman katin zama a wajen ƴan sandan da ke kula da shige da fice, wato DST. A ran 13 ga Janairu 2025 aka fito da sabuwar doka mai lamba 2025-02, wadda ta tsananta horo har zuwa ɗaurin shekara 5 da tarar miliyan 50 na sefa a kan wasu laifuffuka, ta kuma wajabta wa mai saukar da baƙo ya sanar da hukuma. A nan ne maganar ta shigo cikin zaurukanmu, domin kasuwancin Hausa tun zamanin ayarin goro a kan mai masauki yake tsaye: shi ke ba baƙo ɗaki, shi ke tsaya masa a ciniki, shi ke lamunce shi. Mutum nawa ne cikin masu masaukin Ɗan Isa aka karanta wa wannan doka da harshen da suke ji?

Ƙofa ta uku ta mai neman mafaka ce. Nijar tana cikin yarjejeniyar Janeba ta 1951, wadda ta haramta a mayar da mutum inda ransa yake cikin haɗari. Tana kuma cikin yarjejeniyar ƙungiyar haɗin kan Afirka ta 10 ga Satumba 1969, wadda ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira har ta haɗa da wanda tashin hankali mai tsanani ya raba da gidansa, ko da ba shi kaɗai ake farauta ba. A cikin gida muna da doka mai lamba 97-016 ta 20 ga Yuni 1997, da dokar zartar da ita ta Disamba 1998. Ga yadda aikin yake: mutum ya shigar da bukatarsa, a ba shi takardar wucin gadi mai nuna cewa ana duba maganarsa, a zauna da shi a ji labarinsa, sannan kwamitin ƙasa da ake kira CNE, a ƙarƙashin ofishin ministan cikin gida, ya yanke hukunci, hukumar HCR ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana zaune a matsayin mai sa ido. Wanda aka ƙi yana da damar ɗaukaka ƙara. Tsari ne mai adalci, amma an ɗinka shi ne daidai jikin mutum ɗaya ɗaya.

Sai ga shekara ta 2019. Ƴan bindiga suka tayar da ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, mutane suka kwararo cikin jahar Maraɗi. A watan Mayu na wannan shekara HCR ta ƙiyasta mutum 20,000 da suka ƙetaro tun daga Afrilu, kafin ƙarshen Satumba suka haura 40,000, mafi yawansu mata da yara. Kafin wata mota mai tuta ta iso, talakawan ƙauyukan Gidan Rumji da na nan Madarunfa ne suka buɗe rumbunansu. Da yake ba zai yiwu a zauna da dubban mutane ɗaya bayan ɗaya ba, a watan Yuli 2020 gwamnati ta ɗauki ƙuduri na amincewa da su a jimlace: duk wanda ya gudo daga waɗannan jihohi saboda rashin tsaro, ɗan gudun hijira ne har sai an sami hujjar da ta nuna akasin haka. Aka kuma zaɓi a zaunar da wasunsu nesa da iyaka, a jikin garuruwa kamar Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari, inda rijiya da makaranta da ɗakin magani za su amfani baƙo da ɗan gari tare, maimakon sansani mai shinge. Wannan mataki ya cancanci yabo, kuma na yaba.

Amma ƙuduri a Yamai daban, takarda a aljihu daban. Da yawa daga cikin waɗanda suka shigo ta Ɗan Isa da Gabi gidajen dangi suka sauka, ba su taɓa tsayawa gaban mai rajista ba. Wani yana tsoron a kwashe shi zuwa wani gari, wani yana komawa gonarsa da damina ya dawo da rani, wata kuma ba ta san akwai wata takarda da take da haƙƙi a kanta ba. Mutumin da ba shi da takarda, kowane shingen hanya kotu ne a gare shi, kuma kun san irin hukuncin da ake yankewa a irin wannan kotu. Matarsa ta haihu, kwana 60 da dokar 2019 ta tanada domin bayyana haihuwa su wuce, sai an je gaban alƙali kafin yaro ya sami takardar haihuwa. In ba a je ba, yaron ya tashi Najeriya ba ta san shi ba, Nijar ba ta rubuta shi ba.

Na san abin da wasu ke faɗi, kuma ba zan raina shi ba. Sun ce cikin masu gudowa akwai masu kai wa ɓarayi labari, sun ce satar shanu da satar mutane domin kuɗin fansa sun shigo mana har dajin Baban Rafi, har wasu ƴan ƙasa su ma sun bar ƙauyukansu. Gaskiya ne, wake ɗaya shi ke ɓata gari. Sai dai ku tambayi kowane jandarma: wa ya fi sauƙin bi, wanda aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa aka san gidan da yake kwana, ko wanda tsoro ya sa ya ɓuya? Rajista ita ce ke raba mai gudu da mai kora. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ita ce rashin sanin wanda ke cikin gari.

Mu kuma tuna cewa mun taɓa ɗanɗana ɗacin wannan magani. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Najeriya, kuma cikin waɗanda suka kwaso kaya a ka akwai ƴan Nijar masu yawa. Daga 1984 zuwa 1986 iyaka tana rufe, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar lokacin sunan El Buhari. An sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma sake bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Ɗiyanmu suna Kano, suna Legas, suna Aljeriya da Libiya. Mudun da muka auna wa baƙo, da shi za a auna musu.

Saboda haka ina da roƙo huɗu ga mahukunta.

Na ɗaya, a kawo aikin kusa. Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai fiye da kilomita 600, tsakanin wasu ƙauyukan Gabi da Maraɗi kuma akwai kuɗin mota da haɗarin hanya. A riƙa aiko masu rajista ranakun kasuwa a Madarunfa da Ɗan Isa da Gabi da Safo da Jiratawa da Sarkin Yamma, a sanar da ranakun a gidajen rediyo da masallatai.

Na biyu, a fassara dokar 2025 da ta 1997 cikin Hausa da Fulatanci, a liƙa a ƙofar kowane ofishi takardun da ake bukata, da kuɗin da doka ta yanka, da abin da yake kyauta. Inda farashi yake a bango, ɗan kamasho ba ya cin kasuwa.

Na uku, duk wanda ya ajiye bukata a ba shi shaidar karɓa mai kwanan wata, a kuma sa wa'adin ba da amsa. In an ƙi, a rubuta masa dalili, a faɗa masa inda zai kai kuka.

Na huɗu, alƙalai da magadan gari su riƙa fita zaman ƙauye domin ba yaran baƙi da na ƴan gari takardun haihuwa tare, kafin buɗe makarantu.

Ku ma'aikata, hatimin da ke hannunku amana ce ta ƙasa. Tsohuwar da ta tsaya gabanku ba takalmi, ba ta san lambar doka ba, ku ne kuka sani. Abin da kuka yi mata shi ne abin da za ta kira Nijar har ta mutu. Ku kuma alhazai ƴan kasuwa, ku riƙe hannun yaran shagonku da baƙinku ku kai su a rubuta su, ku nemi rasit a kan kowace dala da kuka biya, ku daina sayen sauƙin yau da abin da zai zama tarko gobe. Ƙungiyoyinku suna da murya. In kun iya haɗa kai a kan kuɗin duwan, kuna iya haɗa kai a kan wannan.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ya mayar da kowane mai gudu gidansa cikin aminci, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.